Shanyar ganye a lokacin hunturu: me ke kashe launi da ƙamshi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Tudun Wada, Zariya, kuma ina da ɗan lambu a bayan gida mai bishiyar zogale biyu, da na'a-na'a, da ɗoɗɗoya, da 'yan kunyoyin zoɓo. A watan Janairu na shanya ganyen a tsakar gida, kafin la'asar ya bushe ƙayau, amma ya koɗe, yana marmashewa a hannu, na'a-na'ar kuma ta koma warin harawa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne zoɓon da na shanya wuni biyu na zuba a bokiti na rufe, domin da na buɗe daga baya na tarar ya yi fumfuna. Yaya abin da ya bushe cikin hunturu zai yi fumfuna, kuma yaya zan yi in samu ganye kore mai ƙamshi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Matsalolin nan biyu da kika kawo, koɗewar ganye da fumfunar zoɓo, tushensu ɗaya ne, wato shanya mai gaggawa a fili cikin iskar da ta riga ta bushe matuƙa. Daga Disamba zuwa Fabrairu, danshin iska a Zariya da tsakar rana yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, alhali a watan Agusta yakan haura kashi 80. Iskar da ta bushe haka tana zuƙe ruwan ganye cikin 'yan sa'o'i ko da a inuwa ne, balle a ce an haɗa mata da rana da zafin simintin tsakar gida. Saboda haka mai shanya a hunturu ba ya bukatar taimakon rana ko kaɗan. Aikinsa shi ne ya rage wa bushewar gudu, ya kare ganyen daga haske da ƙura, sannan ya ba shi lokaci ya daidaita kafin ya rufe shi.

Bari mu fara da launi. Koren da ke jikin ganye hasken rana yana lalata shi, kuma tare da shi ake asarar wani kaso mai yawa na sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, da kuma bitamin C. Ga mai shanya zogale wannan babbar asara ce, tun da yawancin masu ajiye garinsa don abinci mai gina jiki suke yi, musamman ga yara da masu shayarwa. Idan kika ga garin zogale ya yi fari-fari ko ruwan ƙasa, to rana ta ci rabonta a cikinsa. Wanda aka shanya a inuwa yakan fito kore shar, kuma bambancin ba ya ɓuya ko ga wanda bai san aikin ba.

Ƙamshi kuwa sha'aninsa ya fi wuya. Ƙamshin na'a-na'a da ɗoɗɗoya yana cikin wani mai ne mai saurin tashi, wanda ke ajiye a cikin ƙananan ƙwayoyi a fatar ganyen, shi ya sa da zarar kin murza ganye ɗaya tsakanin yatsu biyu ƙamshin ke cika hanci. Zafi yana korar man nan, iska mai ƙarfi tana kwashe shi, kuma duk lokacin da busasshen ganye ya karye, ƙwayoyin suna fashewa man ya tafi. Ganyen da aka baza a siminti da hantsi, kaji suka bi ta kansa, aka juya shi da hannu sau uku, aka kwashe shi da la'asar yana ƙaras-ƙaras, ya gamu da duk waɗannan a wuni guda. Abin da ya rage a cikinsa shi ne warin busasshiyar ciyawa da kika ji. Ganyen ƙamshi ba ya son zafin da ya wuce digiri 35 zuwa 40, zogale kuma kada ya wuce 50, ga shi kuwa siminti ko rufin kwano a rana yana iya zarce wannan.

Game da zoɓo, kaurinsa ne ya yaudare ki. Furen zoɓo yana da nama, kuma idan iska ta bushe ƙwarai fatarsa ta waje tana ƙandarewa da wuri, ta rage wa ruwan ciki hanyar fita, tamkar ƙosan da aka jefa cikin mai mai tsananin zafi, baya ya soyu ciki ɗanye. Kin taɓa shi kin ji ya bushe, kin zuba a bokiti kin rufe, sai ruwan da ke ciki ya riƙa fitowa sannu a hankali ba shi da wurin zuwa, danshi ya taru a cikin bokitin, fumfuna ta samu gida. Haka yake faruwa da barkono da kuɓewa da citta idan an yanka su da kauri. Zoɓon da ya riga ya yi fumfuna ki zubar da shi gaba ɗaya, kada ki wanke ki sake shanyawa, domin wasu nau'o'in fumfuna suna barin guba mai cutar da hanta wadda tafasa ba ta kawar da ita.

Ga yadda nake ba da shawara a yi. Ki yanke ganyen da safe bayan raɓa ta ɗauke, kafin rana ta yi zafi, na'a-na'a da ɗoɗɗoya kuma ki yanke su gab da za su fara fure, lokacin da mansu ya fi yawa. Ki wanke da ruwa mai tsabta tun yana jikin reshensa, ki kakkaɓe, ki rataye ya tsane. Zogale ki zage ganyen daga tsinkensa, ki baza shi siriri a kan gidan sauro mai tsabta da aka ɗaure a katako, ko a kan faifai da rariya, a ɗaga shi daga ƙasa yadda iska za ta ratsa ta sama da ta ƙasa. A hunturu kwana biyu zuwa uku sun ishe shi, kuma shi zogale ba a so ya daɗe da laima, saboda haka kada ki tara shi da kauri. Na'a-na'a da ɗoɗɗoya kuwa ki bar su a reshensu, ki ɗaure ƙananan ƙulli da bai wuce kaurin yatsu uku ba, ki rataye kansu ƙasa. Reshen yana riƙe da ruwa yana saki a hankali, don haka ganyen ba ya ƙandarewa farat ɗaya.

Wurin shanyar ma yana da muhimmanci ƙwarai. Ɗakin ƙasa mai rufin azara, irin wanda har yanzu ake samu a gidaje da yawa na cikin birnin Zariya, ya fi ɗakin kwano marar silin dacewa, domin bangon ƙasa yana riƙe sanyi, zafin ɗakin ba ya hawa da sauka da sauri. Idan ɗakin kwano kike da shi, ki zaɓi ɓangaren da rana ba ta dukansa da yamma, ki nisanta shanyar daga rufin. Ki rufe tagar da ke fuskantar gabas da arewa, inda iskar hunturu ke shigowa da ƙura, ki bar ƙofa ko wata taga a ɗan buɗe da labule mai shara-shara. Kada ki kunna fanka a kan ganyen kai tsaye. Idan kika ga duk da haka ganyen ƙamshi yana bushewa cikin wuni ɗaya, ki sa kowane ƙulli a cikin jakar takarda da aka huhhuda, ko ki jera su a kwali mai ramuka, ko kuma ki ajiye buɗaɗɗiyar tukunyar ƙasa da ruwa a kusurwar ɗakin, nesa da shanyar. Burin shi ne bushewar ganyen ƙamshi ta ɗauki kwana huɗu zuwa bakwai. Zoɓo ki ba shi mako guda ko fiye, kina juya shi kowace safiya.

Akwai wata dabara da manoman taba suka daɗe da sani, kuma ƙasar Zazzau ta daɗe da noman taba da sarrafa ta. Ba sa sauke busasshen ganye daga rumfa da tsakar rana, sai da sassafe, lokacin da sanyin dare ya sa ganyen ya ɗan sha laima ya yi laushi, ya naɗu ba tare da ya karye ba. Ko a tsakiyar hunturu danshin iska yana ɗan hawa kafin fitowar rana. Don haka duk wani aiki na taɓa busasshen ganye, saukewa ne ko zagewa ko zubawa a kwalba, ki yi shi bayan sallar asuba. Wannan kaɗai zai rage miki marmashewa sosai.

Yanzu sai matakin da yawancin mutane ke tsallakewa, wanda a ganina shi ne ya fi kowanne amfani. Idan ganye ya bushe har tsinkensa yana karyewa ƙas maimakon ya lanƙwashe, kada ki ɗauka aiki ya ƙare. Ki zuba shi a busasshiyar kwalba mai murfi, kada ki cika, ki bar kashi ɗaya cikin uku fanko, ki rufe ki ajiye a wuri mai duhu. Washegari ki duba. Idan kin ga gumi a jikin kwalbar, ko ganyen ya yi laushi ya manne da juna, to akwai sauran ruwa a cikin jijiyoyinsa, sai ki mayar da shi shanya kwana ɗaya ko biyu. Idan ba haka, ki girgiza kwalbar, ki buɗe na ɗan lokaci, ki sake rufewa, ki ci gaba da yin haka kullum har kwana bakwai zuwa goma. A cikin wannan lokaci ɗan danshin da ya rage a wurare masu kauri yana rarrabuwa zuwa wuraren da suka bushe fiye da kima, komai ya zama daidai, warin ɗanyen ganye ya ragu, ƙamshin ainihi ya fito. Da an yi wa zoɓonki wannan gwaji, da tun daren farko gumin ya tona asirinsa. Wanda yake da hali zai iya sayen ƙaramin ma'aunin danshi mai batir ya jefa cikin kwalbar. Idan ya tsaya ƙasa da kashi 60 cikin 100, fumfuna ba za ta samu damar tsira ba. Wanda yake da sikeli kuma zai iya auna shanyar kwana biyu a jere, idan nauyin bai sauya ba ta gama bushewa. Ɗanyen ganyen zogale kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa ruwa ne, saboda haka kilo 4 zuwa 5 na zagaggen ganye ne ke ba da kilo 1 na busasshe.

Ajiya tana da nata haɗarin, domin busasshen ganye yana shan danshi daga iska kamar yadda ya ba ta. Abin da kika shanya a Janairu zai tarar da damina daga watan Mayu, kuma buhu ko bokiti mai sakwarkwataccen murfi ba zai kare shi ba. Ki yi amfani da kwalabe ko robobi masu murfin da ke kamawa gam, ki raba kayan gida-gida a ƙananan mazubai, yadda wanda kike buɗewa kullum a kicin zai zama kaɗan ne, sauran kuma su zauna a rufe cikin duhu, nesa da murhu. Kada a sa jiƙaƙƙen cokali ko hannu mai laima a ciki. Na'a-na'a da ɗoɗɗoya ki bar ganyensu sukutum, sai za ki zuba a shayi ko miya ki murza, a haka za su iya kai ki wata shekarar da ƙamshinsu. Zogale ma kada ki dake shi duka lokaci ɗaya. Ki riƙa daka na wata guda kina tankaɗewa, domin gari ya fi ganye saurin shan iska da koɗewa, kuma ya fi kyau a cinye shi cikin wata shida. Idan damina ta kankama, ki riƙa duba mazuban sau ɗaya a mako biyu, wanda kika ji ya fara laushi ki baza shi a inuwa a ranar da gari ya washe, ki bari ya huce sarai kafin ki sake rufewa.