Rigar kashe gobara ta kyauta: taimako ne ko gwanjo aka jibge mana?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Maigidana ɗan kwana-kwana ne. Kwanan baya ya dawo da riga da hular kwano da aka raba musu, wai takwarorinsu na ƙasashen Turawa ne suka aiko kyauta. Har sunan wani Bature na gani a wuyan rigar. Raina bai kwanta ba. In kayan na da kyau, me ya sa masu su suka rabu da su?
Wata mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kin yi tambaya a kan gaɓa. A Amurka, ƙa'idar NFPA, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin kariya daga gobara, ta ce rigar shiga wuta ba ta wuce shekara 10 daga ranar da aka ƙera ta, ko da sau biyu kawai aka saka ta. Wasu ofisoshin kuma sukan sauya kaya tun kafin wa'adin. Irin waɗannan ne ƙungiyoyi ke tattarawa, kamar Operation Florian ta Ingila da ta fara a 1995, da Africa Fire Mission ta Amurka da aka kafa a 2012, wadda ke haɗa kayan da horo.

Ni ban raina wannan kyauta ba, don na san abin da rashinta ke nufi. Na taɓa shiga gobarar kasuwa da kakin aiki da takalmin da nake zuwa ofis da shi. Ina riƙe da tiyo na ji tafin takalmin yana mannewa da ƙasa, robar ta narke. Abokin aikina har yau bayan hannunsa fari ne fat, saboda ranar babu safar hannu ko ɗaya a motarmu.

Sai dai ki sa maigidan ya juya rigar ya duba tambarin ciki, akwai shekarar ƙera ta. Rigar hawa uku ce: na waje mai jure harshen wuta, na tsakiya mai tare ruwa, na ciki mai tare zafi. Na tsakiyan ne abin tsoro. In ya tsattsage, ruwa zai shiga ya zama tururi, ya ƙona mutum alhali rigar a ido lafiya lau. Wadda ta kai haka a bar ta ga atisaye.

Wanki kuma, don Allah kada ki haɗa ta da kayan yara. A 2022 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta sa aikin kwana-kwana cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji, kuma baƙin hayaƙin nan a jikin riga yake zama. Kada a sa mata bilic, kada a shanya ta a rana, duka biyun suna cinye zarenta.

Inda nake da ƙorafi shi ne masu aikowa ba tare da tambaya ba. Na ga tukwanen iskar numfashi jibge a sito suna tsatsa, babu injin da zai cika su. Na ga tiyo mai baki samfurin Jamus da ake kira Storz da ya ƙi shiga famfon motarmu mai bakin Ingila. In shugabanninsu za su sake karɓar kaya, maigidan ya ba su shawara su fara aika jerin abin da suke buƙata, har da lambar takalmin kowa.