Ƙasurgumi ba yabo ba ne

Tambaya: Malam, ni ne zan gabatar da 'yan wasa a daren al'adun gargajiya na makarantarmu: 'yan kama, 'yan hoto, mai dabo da wata mawaƙiya. Na gaji da "shahararre" da "fitacce". Ina son tsofaffin kalmomi dogaye masu cika baki, irin na Baturen nan na wani tsohon shirin BBC. Ina zan samo su?

Amsa: Baturen da kake nufi Leonard Sachs ne, shirin kuma The Good Old Days, wanda aka yi daga 1953 zuwa 1983 a gidan wasa na City Varieties da ke Leeds a Ingila. Yakan riƙe 'yar guduma, ya jero kalmomi masu tushen Latin da ko Turawan ba su cika ji ba, 'yan kallo su ɗauki sowa. Armashin abin shi ne kalmar ta fi ɗan wasan girma.

A wurinmu wannan aikin sanƙira ne, kuma sanƙira da kirari yake cika fage. Tsawon kalma bai dame shi ba. Amma tunda dogaye ka nema, akwai su, sai dai a yi hattara.

"Gagarabadau" ka ɗauka ba fargaba: wanda ya gagari kowa, daga "gagara". Ya dace da ɗan hoto, mutumin da zai cilla garma sama ya tare ta da ƙirji. Haka "gwanki sha bara". Gwanki babban naman daji ne, "bara" a nan kuwa auna dabba da makami ce, ba ta almajirai ba, ba kuma shekarar da ta wuce ba. Ma'ana, an sha auna shi ba a same shi ba. Ja wasulan biyu, in ba haka ba ka mai da jarumi mabaraci a gaban jama'a.

Mai dabo ka ce masa "hatsabibi", zai ji daɗi. Ga wani kam zagi ne.

Inda masu gabatarwa ke zamewa shi ne "ƙasurgumi". Kalma ce mai daɗin faɗi, amma ka lura da abokan tafiyarta: ƙasurgumin ɓarawo, ƙasurgumin ɗan fashi. "Gogarma" ma labaran 'yan bindiga sun ɓata mata suna. Wuri ɗaya na yarda ka yi amfani da su, wato wajen 'yan kama, don su sana'arsu ke nan, su kwaikwayi karatun malamai suna wa'azi a kan tuwo da miya. Ka ce "ga ƙasurgumin malamin malmala", dariya ta fara tun bai buɗe baki ba.

Muna kuma da sifofi masu zuzuta girma: santalele, zungurere, shirgege, ribɗeɗe. Jiki suke siffantawa, ba gwaninta ba. "Santaleliya" yabo ne, "ribɗeɗiya" kuwa sai ka ba da haƙuri. Ita mawaƙiyar, tsohon sunan sana'arta "zabiya", amma yaran yanzu ma'anar farar fata suka fi sani, don haka ka haɗa: "zabiya mai muryar zinariya".

Batun inda za ka samo su, duba ƙamus ɗin Bargery na 1934, wanda ke cike da kirari da kalmomin da suka kwanta, yana kuma intanet. Akwai na Abraham na 1949, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Amma ƙamus ba zai koya maka inda ake jan murya ba. Je filin dambe ka saurari yadda ake kiran 'yan dambe, ko ka zauna da tsohon maroƙin unguwarku da goro a hannu.

In ka ci karo da "Buwayi gagara misali", kada daɗinsa ya ɗebe ka. Kirarin Allah ne, ba a yi wa mutum.