Labaran kimiyya da gobe ta yi kyau bayan jari-hujja

Ɗan'uwa, ka tambaya wai duk ƙagaggun labaran kimiyya na gaba halaka ce kawai, kamfanoni sun mallake har iskar shaƙa, ko akwai masu hango gobe mai daɗi ba jari-hujja. Akwai mana, sai dai ba su kai waɗancan yawa ba, tashin hankali ya fi saida littafi ai.

Fara da The Dispossessed na Ursula K. Le Guin, 1974. A Anarres, duniyar da ke cikin littafin, ba kuɗi, ba mai kamfani, ba gwamnati, kowa ya ɗebi abin da yake buƙata a ma'ajiyar jama'a, amma abin da ya burge ni ba ta maida wurin aljanna ba, akwai fari akwai yunwa, kuma idon jama'a ya zama sabon sarki, ka fita daga sahu a juya maka baya.

Shi kuma Iain M. Banks tun 1987 wata hanya ya bi, a littattafansa injuna masu tunani ke yin wahalar, komai ya wadata har kuɗi ba shi da amfani. Ni nan nake ɗan tsaki gaskiya, in injin ke yanke shawara, to wa ke mulkin?