Amsa: sitiyari ya yi tauri, birki kuma sai an yi ta bugawa

Malam, wannan tsohuwar Hilux ɗin taka matsala biyu ce daban. Sitiyarin da yake kuka in ka murɗa, fara duba mai a kwalbarsa, in ya ragu ko yana kumfa to tiyo na yoyo iska na shiga, ka duba bel ma ko ya saki, kar wani bakanike ya ce sai an canza famfo tukuna. Birkin kuwa tunda yana nutsewa, iska ce ko robar masta, wato famfon da ke tura man birki in ka taka, ta mutu, a yi bilidin, wato a fitar da iskar da ke cikin man birkin, daga tayar baya a zuba man birki mai lamba DOT 3, ban da man sitiyari don Allah, kumbura roba yake. Kar ka hau hanyar Gombe da kaya a haka.