Zakin teku yana cizo kuwa?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Kalifoniya, na koyi nutso da tukunyar iska. Abokaina suna so mu shiga tekun Monterey mu yi iyo da zakunan teku, wato manyan dabbobin ruwan nan masu shayarwa da ake kira sea lion da Turanci, amma gabana yana faɗuwa. Ba sa cizo?

Amsa: Ƙanena, suna da haƙora, kuma suna cizo idan aka matsa musu. Amma ka je, ina goyon bayanka ɗari bisa ɗari.

Ƙananan su ne 'yan wasa. Za ka ga ɗaya ya taho a guje kamar kibiya, ya tsaya dab da gilashin fuskarka da manyan idanunsa baƙaƙe, ya juya ya shige cikin dogayen ciyayin teku. Wani ma zai ɗan ja takalmin iyonka da baki. Ka naɗe hannuwanka a ƙirji, kada ka miƙa yatsa.

Babban namijin shi ne abin kiyayewa, don yakan haura kilo 300. Daga Mayu zuwa Yuli yana tsaron matansa. In ya yi haushi a cikin ruwa, ko ya riƙa gittawa ta gabanka yana feso kumfa, ja da baya a hankali.

Dokar Amurka ta 1972 ta hana tsokanar su da ba su abinci, saboda haka bari su zo da kansu.

Ni sanyin ya fi damuna. Ruwan wurin yakan sauka har digiri 10, sai da rigar roba mai kaurin milimita 7, da hula da safar hannu. Kuma kada wasansu ya ɗauke maka hankali ka manta duba sauran iskarka.