Asalin gilashin kyamarar Baba

Malam, Allah Ya jiƙan Baba. Gilashin kyamarar da ka samu cikin kayan hotonsa a Ringim, mai rubutun Helios-44 da 2/58, ƙirar Tarayyar Sobiyat ne. Tare da kyamarar Zenit aka riƙa sayar da shi, tsarinsa kuma an kwaikwayo shi daga gilashin Biotar na kamfanin Carl Zeiss a Jamus.

Masana'antu da dama sun ƙera shi, saboda haka duba ƙaramin tambarin da ke zoben gaba. In kibiya ce ta ratsa wata siffa mai kusurwa huɗu, na masana'antar KMZ ne, kusa da Mosko. Sau da yawa lambobi biyun farko na doguwar lambar da ke jikinsa shekarar ƙira ce: 78 na nufin 1978.

Don Allah kada ka goge shi da bakin riga, ƙurar hunturu tana karce gilashi.