Zanzaro a Kusurwar Ɗaki

Tambaya: Malam, wani ƙwaro mai siririn ƙugu yana gina gidan laka a kusurwar ɗakina, kuma ina tsoron kada ya harbi yara. Daga wata uwa a Jos.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, zanzaro ne, ba rina ba. Rina suna zama a tare, suna far wa wanda ya taɓa gidansu, amma zanzaro da wuya ya yi harbi sai an matse shi. Macen ce take ɗebo laka, ta sumar da gizo-gizo ko tsutsa ba tare da ta kashe su ba, ta cusa su ciki, ta sa ƙwai ta liƙe, domin ɗanta ya sami abincin da bai ruɓe ba. Idan gidan yana can sama, shawarata ita ce ki bar shi.